Yadda Ake Karanta Sunan Doka a Takardar Hukuma

Takardun da hukuma ke aika wa jama'a sau da yawa sukan ɗauki wani ɗan layi na haruffa da lambobi, wanda mutane kan tsallake don suna tsammanin na lauyoyi ne kaɗai. Wannan layi kuwa shi ne adireshin dokar da hukuma ta dogara da ita, kuma wani lokaci haƙƙin mutum yana rataye ne a kan harafi guda a cikinsa.

Alal misali, a ce an aiko wa mai fili da sanarwa cewa Gwamna ya soke izninsa na riƙe filin, aka rubuta: s. 28(2)(b), Land Use Act, Cap. L5, LFN 2004. Daga ƙarshe ya kamata a faro karatu. LFN 2004 na nufin Kundin Dokokin Tarayyar Nijeriya, bugun 2004. Cap. gajarce kalmar babi ce, L5 kuwa lambar babin, domin a wannan bugu an jera dokokin bisa harafin farko na sunayensu. Sa'an nan sunan dokar, watau Dokar Amfani da Ƙasa. Harafin s. yana nufin sashe. Saboda haka abin da aka ambata shi ne sashe na 28, ƙaramin sashe na 2, sakin layi na (b).

To, a nan ne mai fili zai buɗe ido. Sakin layi na (b) yana magana ne a kan filin da gwamnati ke bukata don aikin amfanin jama'a, kuma sashe na 29 ya ce wanda aka karɓe wa fili ta wannan hanya yana da haƙƙin diyyar abin da ya gina ko ya shuka a kai. Sakin layi na (a) kuwa ya shafi wanda ya sayar da filin ko ya jinginar da shi ba bisa ƙa'idar dokar ba, kuma sashe na 29 bai tanadar masa diyya ba. Har wa yau, ƙaramin sashe na 6 ya wajabta a ba mai filin sanarwa, da sa hannun jami'in da Gwamna ya wakilta.

Kada mai karatu ya ruɗe idan ya ga doka ɗaya da adireshi daban-daban. Wannan doka ta fito ne a 1978, zamanin mulkin soja, da sunan Decree No. 6. A kundin 1990 ta zama Cap. 202, a na 2004 ta zama Cap. L5. Kalmar da ke ƙarshen suna ita ma tana nuna mai dokar: Act ta Majalisar Dokoki ta Ƙasa ce, Law ta Majalisar Jiha. A zamanin soja Decree ta Tarayya ce, Edict ta Jiha. Ƙananan ƙa'idodin da minista ko wata hukuma ke fitarwa da ikon da doka ta ba su, akan buga su a Gazet ɗin Gwamnati da alamar S.I., da lamba da shekara.

Saura abu guda da ko masu ilmi kan yi sakaci da shi: lambar babi ba ta tabbatar da cewa doka tana raye. Dokar Shaida ta Cap. E14 an soke ta a 2011, Dokar Kamfanoni ta Cap. C20 kuma a 2020, aka maye gurbinsu da sababbi waɗanda ake ambata da suna da shekara kawai. Lalle ne wanda ya ga tsohuwar lamba a takardar da aka rubuta bayan waɗannan shekaru ya nemi bayani wajen lauya, ko a ɗakin karatu na Ma'aikatar Shari'a, kafin ya sa hannu a kan kome.