Kafin ka sayi kwamfutar tafi-da-gidanka

Ƴan'uwa ɗalibai, darasinmu na yau bisa kwamfuta ne. A nan ƙasarmu mun fi ce mata ordinatar. Akwai babba, wadda ake girkawa bisa tebur cikin biro. Akwai kuma ta tafi-da-gidanka, wadda ake rufewa kamar littafi a sa cikin jaka. Ita ce masu kanti ke kira portabul. Zancenta za mu yi.

Wani zai ce: "Malam, ni da jiya-jiya na iya rubuta sunana, ina ruwana da ordinatar?" Da ruwanka ƙwarai. Gobe ɗanka na iya samun shiga jami'a a Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa, shi ce maka karatu ba ya yiwuwa sai da ita. Ƙungiyar matan gari na iya bukatarta don rubuta bashi da adashi. Kuɗɗin kuwa daga aljihunku za su fito. Wani sai ya sai da rago, wani sai ya taɓa waken da ya aje don rani. Wanda zai biya, ya kamata shi san abin da yake saye.

1. Wane aiki za ta yi?

Ita ce tambaya ta farko. Mai zuwa gona ba ya sayen dokin sukuwa. Ku zauna da wanda zai yi aiki da ita, ku rubuta ayyukan bisa takarda.

In rubutun wasiƙa ne, da lissafin kanti, da karatu, da shiga intanet, matsakaiciya ta isa. In aikin haɗa bidiyon biki ne, ko zanen gini, sai mai ƙarfi, kuma tana da tsada. In kuwa aika saƙo ne kawai da kallon hoto, salula ta isa, a bar kuɗɗin cikin gida.

2. Ƙarama ko babba?

Girman ordinatar daga allonta ake gane shi, wato gilashin da rubutu ke fitowa. Ana auna shi daga kusurwa zuwa kusurwa da ma'aunin inci. Inci 1 santimita 2 da rabi ne da ƴan kai. Mai inci 14 ta fi daɗin ɗauka. Mai inci 15 da ɗoriya ta fi daɗin karatu ga mai raunin ido, amma ta fi nauyi.

Akwai wata ƴar ƙarama da ake kira netbuk. Kamfanin Asus ya fiddo ta farko da ta yi suna a 2007. Yawancinsu allonsu bai wuce inci 10 ba. Sun yi kasuwa shekaru kaɗan, sannan wajen 2012 manyan kamfanoni sunka daina ƙera su. Ke nan duk wadda ka gani yau cikin kasuwa da wanga suna, ta daɗe duniya. Tana da kyan gani, tana da araha, amma nawa gare ta, kuma manhajojin yau sun fi ƙarfinta. Araha ba ta ado.

3. Rumbu, turmi da mai daka

Cikin ordinatar akwai abubuwa 3 da ya kamata kowa shi sani. Mu kwatanta su da aikin gida.

Na farko rumbu. Sunansa disk. Nan ake aje takardu da hotuna da manhajoji, ko an kashe ordinatar suna nan. Ana auna shi da giga. Iri 2 ne. Tsohon iri, HDD, yana da faifai mai juyawa ciki. In ya sha girgiza bisa moto ko amalanke, ko ya faɗi, yana iya mutuwa da duk abin da ke ciki. Sabon iri, SSD, babu abin da ke motsi cikinsa. Ya fi sauri, ya fi jimiri. SSD mai giga 256 ya fi HDD mai giga 500 amfani ga yawancin mutane.

Na biyu turmi. Sunansa RAM. Kome cikar rumbu, abin da turmi ya ɗauka shi ake dakawa lokaci guda. In turmi ƙarami ne, sai a yi ta zuwa ana komowa, aiki shi yi nawa. Giga 4 shi ne mafi ƙanƙanta a yau. Giga 8 ya fi kwanciyar hankali. Yawancin netbuk giga 1 ko 2 gare su, shi ya sa suke jan ƙafa.

Na ukku mai daka. Sunansa purosesa, shi ke yin aikin duka. Za ku ga an liƙa ƴar takarda kusa da maɓallai, an rubuta Intel ko AMD. Na Intel akwai i3, da i5, da i7. Mai kanti zai ce maka: "Wagga i7 ce, Alhaji!" Kada ka tsaya nan. Ka tambayi shekarunta, don ƙaton da ya tsufa ba ya kai yarinya daka. Ku dubi waɗanga lambobi:

i5-3320M
i5-8250U

Lambar da ke bin ƴar sanda ita ke faɗin zamani. Na sama zamani na 3 ne, ya fito a 2012. Na ƙasa zamani na 8 ne, ya fito a 2017. Sunansu guda, amma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Daga zamani na 10 zuwa sama, lambobi 2 na farko ake karantawa. Wanda ya iya karatun lamba, ba a yi masa rufa-ido nan.

4. Maganar Windows

Windows ita ce babbar manhajar da ke tafiyar da yawancin ordinatar da muke gani. Kamfanin Microsoft na Amurka ke yin ta, kuma yakan aiko mata gyara ta intanet don tsare ta daga ɓarayi da cuta. In ta tsufa sai shi daina. Ya daina kula da Windows XP a 2014, da Windows 7 a 2020. Kulawar da ya saba yi wa Windows 10 ta tsaya ran 14 ga Oktoba 2025. Wadda ta biyo baya ita ce Windows 11, wadda ta fito a 2021. Tana son RAM giga 4 ko fiye, kuma cikin na Intel tana son zamani na 8 zuwa sama.

Tsohuwar ordinatar ba ta daina kunnuwa don wannan. Amma ta zama kamar gida marar ƙyaure: a yi hankali da sa lambar sirri ko maganar kuɗɗi cikinta. Akwai kuma wata manhaja ta kyauta, Linux, wadda ke tafiya da tsofaffi, in an samu wanda ya iya sa ta.

5. Batir, zafi da ƙura

Ƙasarmu ba Turai ba ce. Abubuwa 3 ke wahal da ordinatar a nan.

Wuta. Kuran na ɗaukewa, wasu garuruwan ma sai da panno na hasken rana. Don haka batir ya fi kyan fenti. Batir yana tsufa kamar na salula. Na tsohuwar ordinatar wani ko minti 20 ba ya yi. Ka tambaya ko ana samun irinsa a kasuwa, da kuɗɗinsa. Ka dubi sharjar. Ta asali ta fi, kuma jikinta za ka ga an rubuta 100-240V. Kuran namu 220 ne, ke nan ta yi daidai. Sharjar jabu na iya ƙone ordinatar.

Zafi. Watan Afrilu da Mayu zafi na wuce digiri 40. Cikin ordinatar akwai ƴar fanka mai fidda iska mai zafi ta wasu ƴan ƙofofi. In an aza ta bisa katifa ko bargo, ƙofofin sun toshe. A aza ta bisa tebur ko allo.

Ƙura. Lokacin hunturu ƙura na shiga ko'ina. In an gama aiki a rufe ta, a sa cikin jaka. In fanka ta fara kuka, a kai wa mai gyara shi hure ta.

6. Maɓallai

Wurin da ake latsa baƙaƙe sunansa kalabiye. Ku dubi layin baƙaƙe na sama, daga hagu. In kun karanta AZERTY, tsarin Faransanci ne. In kun karanta QWERTY, tsarin Ingilishi ne. Waɗanda ke zuwa daga Faransa AZERTY ne, waɗanda ke shigowa ta Kano yawanci QWERTY ne. Yaron da ya yi lakkwal da Faransanci zai fi jin daɗin AZERTY, don akwai é da è da ç a fili.

Baƙaƙenmu masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, ba a zana su bisa ko guda ba. Amma ana iya sa tsarin Hausa cikin ordinatar, su fito. Ku ce a sa muku. Kun san bambancin "baki" da "baƙi", da na "kafa" da "ƙafa". Kada na'ura ta ɓata mana abin da munka sha wahalar koyo.

7. Sabuwa ko ƴar gwanjo?

Sabuwa cikin kwali ta fi tsada, amma tana zuwa da garanti. Ƴar gwanjo, wadda wani ya riga ya mora, ta fi sauƙi, kuma ita mafi yawanmu ke iya saye. Ba laifi ba ne. Akwai waɗanda anka yi don ma'aikatu, masu ƙwarin jiki, irin su ThinkPad na Lenovo, da Latitude na Dell, da EliteBook na HP. Masu gyara sun san su. Kafin ka zaɓi iri, ka tambayi mai gyara na garinku wanda yake samun kayansa. Abin da ba a iya gyarawa kusa da gida, ranar da ya tsaya ya zama kayan ado.

8. Ranar ciniki

Kada ka tafi kai kaɗai. Ka tafi da wanda ya san ta, wanda ba abokin mai kanti ba. Kada a yi cinikin biri a sama: in ba a kunna ba, ba a biya. Ga abin da za ku yi:

a) A kunna ta gabanka, ka ga ko tana saurin tashi.
b) A buɗe wurin da ita kanta ke faɗin purosesa da RAM da disk. Ka karanta da idonka. Takardar da anka liƙa a jiki ana iya canza ta.
c) A cire sharjar, a bar ta tana aiki bisa batir minti 30. Ka dubi nawa ya ragu.
d) A latsa kowane maɓalli, guda-guda.
e) A dubi allo ko da tabo, ko tsaga, ko layi.
f) A buɗe a rufe, a ji ko maɗaurin ya saki.
g) A gwada ramukan kile, da sauti, da kamara, da kama intanet.
h) A aza hannu ƙarƙashinta. Ɗumi ba kome, amma in tana ƙuna, a bar ta.

In ta nemi lambar sirri, mai sayarwa kuma bai san ta ba, ka tashi. In wani ya tare ka bakin tasha da farashin da ya yi araha ƙwarai, babu sharjar, babu takarda, ka wuce. Wataƙila ta sata ce. Ranar da anka kama ta hannunka, ga hasarar kuɗɗi, ga zuwa gaban hukuma.

In kun shirya, a rubuta maka resi. A sa ranar, da sunan kanti, da irin ordinatar, da lambar jikinta, da kuɗɗin, da kwanakin garanti. Ka karanta kafin ka sa hannu. Nan karatunka zai biya ka.

9. Mu yi lissafi

Waɗanga kuɗɗi misali ne kawai don darasi. Ku tuna jikka 1 dala 200 ce, wato 1000 F.

Wata ƙungiya ta ga ordinatar 2. Ta farko jikka 90, amma sai an sake batir na jikka 20, da sharjar ta jikka 10, an ƙara RAM na jikka 15. Babu garanti. Ta biyu jikka 125, kome nata lafiya, da garantin wata 3.

90 + 20 + 10 + 15 = 135

Wadda anka ce mai araha ta tashi jikka 135. Ta fi ɗayar da jikka 10. Don haka kada a dubi kuɗɗin baki kaɗai, a haɗa da na gyara. Kuma a rage wani abu don jaka da kile. Kile ita ce ƙaramin rumbu na biyu. Duk takarda mai muhimmanci a aje ta wuri 2, don in guda ya lalace a samu ɗayan.

Abin riƙewa

A san aikin kafin a je kasuwa. A tambayi zamanin purosesa, da RAM, da irin disk. A gwada batir. A karɓi resi. Matambayi ba ya ɓata, kuma kuɗɗin gumi ba na gaugawa ba ne.

Sabbin kalmomi

Ku karanta, ku rubuta cikin kaye: ordinatar, portabul, netbuk, disk, giga, purosesa, kalabiye, sharjar, garanti, resi.

Tambayoyi

1. Wace tambaya ce ta farko kafin sayen ordinatar?
2. Mi ya sa munka kwatanta RAM da turmi?
3. Tsakanin HDD da SSD, wane ya fi jimirin girgiza? Don mi?
4. Wane zamani ne i5-6200U?
5. Mi ya sa ba a aza ordinatar bisa katifa?
6. Ku faɗi abubuwa 4 da ake rubutawa cikin resi.
7. Jikka 125, jaka nawa ce ta dala 200, kuma F nawa ke nan?

Aikin gida

Kowa shi nemi mai ordinatar cikin gari, ko malamin lakkwal, ko ma'aikacin likita. Ku roƙe shi ku dubi kalabiyenta. Ku rubuto baƙaƙe 6 na farko na layin sama, ku kawo aji ranar darasi mai zuwa.