Wuƙar Aljihu: Tsatsa, Ƙura da Ƙwayoyin Cuta

A cikin kayan da na gada daga mahaifina akwai wata 'yar wuƙar aljihu mai ninkewa, wadda ya yi shekaru yana fiƙe alƙalami da ita a zauren gidanmu da ke cikin birnin Kano. Damina biyu kawai ta yi a cikin adaka, amma da na ɗauko ta sai ta ƙi buɗuwa. Kaifinta bai lalace sosai ba. Inda cutar ta kama shi ne mahaɗar, wato wurin da ƙarfen wuƙar ke juyawa a kan 'yar ƙusar da ta haɗa shi da ƙota. A wannan ɗan lungu da ido ba ya gani laima da ƙura da ƙwayoyin cuta suke taruwa, kuma a kansa darasinmu zai tsaya.

Bari mu fara da tsatsa. Tarihin baka ya nuna cewa neman tama ne ya kawo maƙeran farko gindin Dutsen Dala. Ita tama ƙarfe ce da ta haɗu da iskar oksijin, aikin masu narka ta kuwa shi ne su raba su da wuta da gawayi. To, tun daga ranar da aka raba su ƙarfe yake neman komawa inda ya fito, kuma wannan komawar ita muke kira tsatsa. Sai dai ba ta yiwuwa sai an sami abu biyu tare: oksijin da ruwa. Gishirin gumin hannu da tsamin lemo ko tumatir suna ƙara mata sauri. Bugu da ƙari, tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, shi ya sa idan ta taso a mahaɗa sai ta cike ɗan sararin da ke nan, wuƙa ta cije.

Malamai za su iya nuna wa ɗalibai wannan da kwalabe 3 da ƙusoshi 3. A sa ƙusa ta farko cikin ruwan famfo a bar kwalbar a buɗe. Ta biyu a sa ta cikin ruwan da aka tafasa don iskar cikinsa ta fita, a zuba ɗan mai a sama, a toshe. Ta uku a sa ta cikin busasshiyar kwalba a toshe. Bayan mako guda ɗalibai su faɗi abin da suka gani, su kuma bayyana aikin da mai ya yi a kwalba ta biyu.

Ba kowane ƙarfe ne yake saurin tsatsa ba. A shekarar 1913 wani masani mai suna Harry Brearley, a garin Shefil na ƙasar Ingila, ya samar da ƙarfe mai gauraye da sinadarin kuromiyam. Idan kuromiyam ya kai wajen kashi 11 cikin 100, yakan yi wa ƙarfen wata siririyar riga da ke tare iska. Wuƙaƙen maƙeranmu ba su da wannan riga, haka ma yawancin wuƙar nan mai suna Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 don kasuwannin Afirka. (Masu nazarin halittu sun san sunan: wata dabba ce ta kurmin Kwango, 'yar'uwar raƙumin dawa.) Irin wannan ƙarfe yana saurin ɗaukar kaifi a dutsen washi, abin da ya sa mahauta da dukawa ke ƙaunarsa, amma ba ya yafe sakaci ko na kwana ɗaya.

A Kano wuƙa tana da abokan gaba biyu, kowanne da lokacinsa. Da damina, musamman a watan Agusta, laima ce. Da hunturu kuwa iska ta bushe, tsatsa ta yi sauƙi, sai ƙura ta karɓi aiki. Kaso mai yawa na hazon da ke rufe mu yana tasowa ne daga kwarin Bodele a arewacin Chadi, wanda a da can ƙarƙashin wani babban tafki yake. A cikin ƙurar akwai ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa da ake kira dayatom, wanda aka gina da silika, sinadarin da ake yin gilashi da shi, ga kuma yashin garinmu da ya fi yawancin ƙarfen wuƙa tauri. Idan aka cika wa mahaɗa mai, ƙura ta manne, sai ya zama kamar an zuba mata garin dutsen washi: duk buɗewa da rufewa tana cin ƙusar, har wuƙa ta fara rawa. Ɗigo ɗaya ya isa, a kuma goge abin da ya malalo.

Wane mai? Mutane da yawa man gyaɗa suke kai wa hannu, don shi ne a kusa. A ganina kuskure ne a sa shi a mahaɗa. Man tsirrai shi ma yana haɗuwa da oksijin, bayan 'yan makonni ya yi wari ya zama danƙo, kamar yadda ake gani a bakin tsohuwar kwalbar mai. Man keken ɗinki ya fi dacewa da mahaɗa, domin ba ya yin kauri haka. Idan wuƙar ta yankan abinci ce, a nemi man farafin na sha da ake sayarwa a kantin magani, wanda ba kananzir ba ne. Baƙin man mota kuwa kada a kusance shi, yana ɗauke da dattin ƙarfe da guba.

Kafin mai, wanki. A buɗe wuƙar rabi, a sa tsinke da tsohon buroshin goge baki a fitar da dattin da ke cikin ƙota, a wanke da ruwan ɗumi da sabulu, a goge, a shanya ta a buɗe cikin rana har mahaɗar ta bushe ƙarau. Wanda ya sa mai a kan laima ya kulle ɓarawo a cikin ɗaki. Wannan wanki ya fi zama dole bayan layya, lokacin da jini da kitse ke shiga lungun.

A nan ne fannina ya shigo. Jama'a sun ɗauka tsatsa ce ke kawo tetanas, ciwon nan da ke sandarar da jiki ya sarƙe muƙamuƙi. Ba haka ba ne. Wata bakteriya ce mai suna Clostridium tetani, wadda masanin Japan Kitasato ya ware ta a 1889. Tana zaune cikin ƙasa da kashin dabbobi a cikin wani ƙoƙo mai tauri da zai iya shekaru bai mutu ba, kuma tana farfaɗowa ne a rauni mai zurfi inda oksijin ba ta kaiwa. Laifin tsatsa shi ne ramukan da take yi wa ƙarfe, inda ƙasa ke maƙalewa. Wuƙa mai sheƙi da ta faɗi a turken awaki ma tana iya ɗaukar ta.

Akwai kuma bairos ɗin ciwon hanta nau'in B, wanda ke iya kwana 7 ko fiye a busasshen jini yana da ƙarfin kama mutum. Mai ba ya kashe shi, gogewa da tsumma ma ba ta kashe shi. Saboda haka wuƙa ko askar da ta taɓa jinin wani, ta wanzami ce ko ta yankan farce, ba a sa wa wani sai an wanke ta an tafasa ta na minti 20. Ƙoƙon tetanas kuwa yakan tsallake tafasa. Asibiti na amfani da tururi mai zafin digiri 121 ne don kashe shi. Don haka a wajen kaciya da cire beli da yankan cibiya, sabuwar reza ga kowane yaro ita ce hanya. Duk ɗalibin da wuƙa mai datti ta yi wa rauni mai zurfi, ya wanke wurin da ruwa da sabulu, ya je asibiti a ranar a duba ko yana bukatar allurar tetanas.