Zobo da Gabaruwa a Ɗakin Awo

Duk wanda ya ratsa layin masu attari a Kasuwar Umdurman, inda buhunan zobon Kurdufan ke jingine da na kuka da tsamiya, ga gabaruwa da filasko da habbatus sauda cike da kwanduna, lalle ya san cewa jama'ar Sudan, har da mu Hausawa da kakanninmu suka yada zango a hanyar Hajji, ba mu taɓa rabuwa da maganin itatuwa ba. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 kuwa, maganin asibiti ya yi wuya, sai dogaro da itatuwan ya ƙaru, wanda ya wajabta mini, da yake sana'ata harhaɗa magunguna ce, in yi wannan bayani.

Haƙiƙa Allah Ya sanya hikima a cikin tsirran nan. Jan launin zobo daga wani sinadari yake mai suna antosayanin, garin 'ya'yan kuka na da bitamin C mai yawa, ɗacin gabaruwa kuma tanin ne, wato abin da majema ke jeme fata da shi. Dukkansu suna tare wasu ɓurɓushin iskar da muke shaƙa, waɗanda ke cin ƙwayoyin jiki sannu a hankali kamar yadda tsatsa ke cin ƙarfe.

A ɗakin awo mukan shanya ganye a inuwa, mu niƙa, mu jiƙa, mu tace, sa'an nan mu ɗiga tataccen cikin wani ruwa mai launin shunayya da ake kira DPPH. Idan shunayyar ta koɗe ta koma rawaya, to, tsiron yana da ƙarfin tare ɓurɓushin nan, ita gabaruwa ma kafin ka ajiye kwalbar ta koɗar da ita. Amma fa wannan shaida ce a kan abin da ya auku cikin kwalba, domin a jikin ɗan Adam akwai ciki da hanji da hanta, masu sarrafa abin da aka sha har kaɗan ne ke isa jini. Saboda haka raina kan ɓaci in na ji ana kafa hujja da irin awon nan ana yi wa mai ciwon daji ko ciwon sukari alkawarin waraka.

Akwai kuma batun gami. A 1994 masu bincike suka nuna cewa zobo da tsamiya da lemun tsami, irin shan da muke yi a Sudan, suna rage kulorokwin da ke shiga jini idan an haɗiyi ƙwayar da su. Zobo kan saukar da hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jinin ya sanar da likita gwargwadon zobon da yake sha, musamman a watan Azumi. Tanin yana tauye wa hanji tsotsar sinadarin ƙarfe mai gina jini, shi ya sa nake hana mai juna biyu jiƙon gabaruwa, filasko kuma ba na yarda a wuce mako guda ana shansa.