Tambaya da Amsa: Mu Bari a Cike Kududdufin Unguwarmu a Gina Kantuna?

TAMBAYA

Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban wata unguwa a cikin birnin Kano. Unguwar ta tsufa: gidajen ƙasa suna zubewa duk damina, lunguna sun matse, kwatoci sun toshe. A bayanmu akwai tsohon kududdufi da ya koma bola, sai wari da sauro. Yanzu wani attajiri ya zo da tayi, a bar masa wurin ya cike ya gina jerin kantuna, shi kuma ya yi mana kwalbati da fitilun sola, ya sayi gidaje 6 na bakin hanya ya faɗaɗa titi. Matasa sun ce a karɓa, dattawa suna ɗari-ɗari. Abin da ya dame ni shi ne ba wanda ya san yadda garin nan zai kasance nan da shekara 30. Yaya ake tsara gyaran unguwa alhali ba a san abin da gobe za ta haifar ba?

AMSA

Malam Sakatare, Allah ya saka muku da alheri da kuka tsaya tambaya kafin sa hannu. Amsata kai tsaye ita ce kada ku yarda a cike kududdufin nan. Sauran tayin abin zama a tattauna ne, amma wannan ɗin a'a.

Gaskiyarku ne, gobe ta Allah ce, kuma ƙwararru ma sun sha yin hasashe gari ya ba su kunya. A 1963 aka yi wa Kano babban tsarin shekara 20, wanda aka fi sani da tsarin Trevallion. Masana ne suka zana shi da kyakkyawar niyya, amma kafin wa'adinsa ya cika an ƙirƙiro jihohi a 1967, kuɗin fetur ya shigo, fari ya koro mutane daga karkara, gari ya tumbatsa ta inda takarda ba ta zata ba. Abin da wannan ya koya wa masu tsara birane shi ne su raba ayyuka gida biyu: wanda in an yi kuskure za a iya gyarawa, da wanda in an yi shi an yi ke nan. Fitilar sola in ta lalace a canza ta. Kwalbati in ta yi kaɗan a fasa a faɗaɗa. Kududdufi kuwa, ranar da aka zuba masa ƙasa aka ɗora bene a kai, ya tafi har abada, domin babu gwamnatin da za ta biya diyyar kantuna 40 don ta dawo da rami.

Kuma ramin nan aiki yake yi, ko da idonku bola yake gani. Kakanninmu daga nan suka haƙi ƙasar da suka gina gidaje da ganuwa, sai ramin ya zama masaukin ruwan unguwa. Ku tsaya a bakinsa ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta, ku ga yadda kowane lungu yake turo nasa ruwan, ja wur, ɗauke da leda da takalman yara, duk ya nufi wuri ɗaya. Cikin sa'a guda sai ku ga ya haura da kamu biyu ko uku. Wannan ruwan, in babu ramin, zauren wani zai shiga, ya jiƙa gindin katangar ƙasa, cikin dare ta faɗo wa masu barci. A hankali kuma ruwan da ya kwanta yana tsuma ƙasa, shi ya sa rijiyoyin da ke kusa da kududdufi suke daɗewa ba su ƙafe ba.

Akwai wani abu da ya ruɗe mu a Arewa. Shekarun 1970 da 1980 shekarun fari ne, wanda ya ga 1973 da 1984 ba zai manta ba. A lokacin kwaruruka da fadamu da yawa suka bushe, aka ɗauka fili ne, aka yanka fulotai. Daga baya damina ta dawo, kuma ta dawo da wani sabon hali: ruwan da a da yake sauka cikin kwanaki yanzu yakan zubo a dare ɗaya, a kan garin da aka lulluɓe da siminti da kwalta. Kun ga abin da ya faru a Kantin Kwari a daminar 2022, lokacin da ruwa ya shiga shaguna ya lalata atamfofi da shaddodi, aka yi ta nuna yatsa ga gine-ginen da aka ɗora a kan magudanai. Maiduguri ta ga nata a Satumbar 2024 da madatsar Alau ta ɓalle, shekara 30 bayan ambaliyar 1994. Ko damina ta ƙaru nan gaba ko ta ragu, kududdufi yana da amfani: in ruwa ya yi yawa ya riƙe, in ya yi ƙaranci ya ciyar da rijiya. Irin wannan aikin, mai riba ta kowace fuska, shi ake fara kashe wa kuɗi idan ba a san gaba ba.

Mutanen Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, sun taɓa rufe wani rafi a tsakiyar gari suka ɗora masa babbar gadar sama. A 2003 suka fara rushe gadar, a 2005 suka sake buɗe rafin, da kuɗin da mu ba mu da shi. Ku naku yana buɗe tun yanzu.

Na san matasanku za su ce to mu zauna da wari da sauro ke nan? Suna da hujja, kuma kada dattawa su raina ta, domin zazzaɓin cizon sauro yana kashe yara, kududdufi ma yana cinye su. Maganin shi ne a gyara shi. A yashe shara da rani, a hana zuba bola da turo bututun masai, a ɗaure bakinsa da dutse, a kewaye da waya ko gajeriyar katanga, a dasa darbejiya, a yi masa mafita zuwa babbar magudana don ya riƙa amayar da abin da ya fi ƙarfinsa. In attajirin nan da gaske alheri yake nufi, a ba shi gefe ɗaya na tudu ya yi rumfuna marasa nauyi, waɗanda za a iya ɗagawa in buƙata ta canza, haya kuma wani kaso ya riƙa shiga asusun yasa.

Sai maganar gidaje 6. Faɗaɗa hanya abu ne mai kyau. Duk wanda ya taɓa ganin an fito da mai naƙuda a kan baro saboda Adaidaita ba ta shiga lungu, ko motar kashe gobara ta tsaya a bakin titi tana kallon hayaƙi, ba zai yi musu ba. Amma ku tambaya: mutum nawa ne a gidajen? Yawancin gidajen cikin birni na gado ne. A raba kuɗin gida ɗaya tsakanin magada 15, kason kowa ba zai sayi ko ɗaki ba, sai su watse zuwa bayan gari inda ba famfo, ba makaranta, nesa da kasuwar da suke ci a cikinta. Tsohuwar da take sayar da ƙosai a ƙofar gida, jarinta maƙwabtanta ne. Legas ta rushe Maroko a 1990, mutane wajen 300,000 suka rasa matsuguni, wurin ya zama unguwar masu hali, talakawan kuma suka je suka kafa wasu unguwannin marasa tsari. Sau da yawa abin da ake buƙata bai kai sayen gida sukutum ba: kowane gida ya ja katangarsa baya kaɗan, a biya shi abin da aka ci, a gina masa sabuwa da bulo.

Ku kuma kula da doka. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasar birni amana ce a hannun gwamna, don haka ƙungiyarku ba ta da ikon kyautar da wurin, ko mai unguwa ya sa albarka. Rusau ɗin da aka yi a Kano a 2023 ya nuna cewa abin da wata gwamnati ta ba da izini, mai zuwa tana iya rushewa. Shi kansa attajirin gara ya ji wannan tun kafin ya zuba kuɗinsa.

Kada ku zaci sai da attajiri ake gyara. A unguwar Orangi ta birnin Karachi a Pakistan, tun daga 1980, mazauna kowane layi suka riƙa haɗa kuɗi suna shimfiɗa bututun ƙazanta da hannunsu, masana suna ba su awo da shawara, babbar magudana kuma aka bar wa hukuma. Wannan aikin gayya ne da muka sani, an ƙara masa awo da lissafi.

Ku fara da daminar bana. Ku sa matasan nan su zagaya bayan kowane ruwa, su shafa fenti a bango daidai inda ya kai, su rubuta gidajen da ya shiga da kwatocin da suka toshe. Ku nemi ɗaliban tsara birane na Jami'ar Bayero su mayar muku da shi taswira. Da ita za ku je hukumar tsara birane ta KNUPDA da ƙaramar hukumarku ku nemi a rubuta kududdufin a matsayin matarar ruwa da ba a gini a kanta. Bayan an yi wannan sai ku kira attajirin, ku zauna da shi a kan kwalbati da titi, komai a rubuce, da shaidu, har da sunan wanda zai riƙa yashe kwalbatin kowace shekara kafin ruwan fari.