Kat-kat ta hannu a Adar: mai fetur zalla ko haibirid?

Duk wanda ya je fakin motoci a Yamai ko Maraɗi da niyyar sayen babbar mota ta hannu, irin su Lexus RX ko Toyota Highlander, a 'yan shekarun nan dillali zai nuna masa iri biyu masu jiki ɗaya. Ɗaya fetur kawai take sha. Ɗayar kuma haibirid ce, wato injin fetur da injin lantarki ne suke taimakon juna wajen jan ta, kuma abin da za a fara gaya masa a kanta shi ne ba ta shan mai. Maganar ba ƙarya ba ce, amma ba a faɗi inda take aiki ba. Ga mutumin da motarsa za ta kwana a Tama, ta riƙa zirga-zirga tsakanin Buza da Keita da Madawa, shawarata ita ce ya sayi mai fetur zalla, domin ribar haibirid a cunkoson birni take, haɗarinta kuwa a zafi da ƙura da nisa daga masu gyara yake, kuma waɗannan ukun su ne halin ƙasar Adar.

A fara da inda ragin man yake fitowa. Haibirid ba a saka ta a caji. Idan direba ya taka birki, injin lantarki yana mayar da ƙarfin gudun motar wuta ya zuba a babban batir, idan an tsaya kuma injin fetur ya mutu da kansa, sannan motar ta tashi da wutar da ta tara. Saboda haka yawan tsayawa da tashi shi ne abincinta. Alƙaluman hukumar kula da muhalli ta Amurka a kan motocin 2010 zuwa 2015 masu jan ƙafa huɗu sun nuna haka sarai. A cikin gari RX 350 mai fetur tana shan kusan lita 13 a kilomita 100, RX 450h haibirid kuma kusan lita 8. A doguwar hanya kuwa ta farko tana shan kusan lita 10, ta biyu kusan 8 da rabi. Idan aka ɗauki mutum mai yin kilomita 15,000 a shekara, aka lissafa da sefa 499, farashin litar da gwamnatin Nijar ta sa a watan Yulin 2024, wanda duk tafiyarsa a cunkoson Yamai take zai rage kusan sefa 375,000. Wanda tafiyarsa daga Madawa zuwa Ƙonni ce, ko zuwa Tawa da Maraɗi, abin da zai rage bai wuce sefa 100,000 da 'yan kai ba. Wannan ma a kan sabuwar mota aka auna, mai sabon batir.

Batirin shi ne tsakiyar maganar. A waɗannan motoci yana ƙarƙashin kujerun baya, ƙarfinsa bolt 288, kuma iskar cikin motar ce take sanyaya shi ta wasu ƙananan fankoki da ramukan shaƙar iska. Babban abokin gabansa zafi ne. Motar da aka ajiye a rana a watan Afrilu ko Mayu, lokacin da zafin Adar yake wuce digiri 40 a inuwa, cikinta ya fi haka nesa, kuma wannan iskar ce fankar za ta hura wa batirin. Idan hunturu ya zo ƙura ta toshe ramukan, fankar ta yi ta juyi ba ta kai iska. Kamfanin Toyota da kansa, wanda shi ne mai Lexus, garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 ya ba wa wannan batir a yawancin jihohin Amurka, sai daga motocin 2020 ya ƙara zuwa shekara 10 ko kilomita 240,000. Batura da yawa suna wuce wannan wa'adi, amma motar da take isowa hannun ɗan kasuwar Buza galibi ta haura shekara goma, wato ta cinye ƙuruciyar batirinta a ƙasar sanyi, tsufansa ne ya rage mana. Sabonsa na kamfani dubban dalolin Amurka ne, kuɗin da zai haɗiye ragin man shekaru da yawa na mai tafiyar doguwar hanya.

Akwai wani abu da dillalai ba su cika faɗa ba. Mutane suna zaton idan batirin ya mutu motar za ta koma mai fetur zalla a ci gaba da tafiya. Ba haka aka ƙera ta ba. Haibirid ta Toyota ba ta da sitata irin wadda muka sani, babban batirin ne yake juya injin lantarkin da ke tayar da injin fetur. Idan ya faɗi, motar ta zauna ke nan, turi ba ya tayar da ita, kuma littafinta ya hana a ja ta da igiya tafiya mai nisa ƙafafunta suna birgima a ƙasa, sai dai a ɗora ta a kan wata motar. Mai karatu ya san nawa za a nema a hannunsa kafin a ɗauko mota daga wani ƙauyen Keita zuwa Yamai ko Kano. Haka nan batirin ba ya son dogon zama. A yankin da magidanta suke tafiya ci-rani Abijan ko Libiya ko Aljeriya su bar mota a rufe wata shida ko fiye, wannan ba ƙaramar magana ba ce: mai fetur ƙaramin batir kawai za a sake mata, haibirid kuwa tsohon babban batirinta yana iya zubar da wutarsa har ya kasa tayar da ita.

Sai masu gyara. Injin RX 350, mai lita 3.5 da silinda shida, shi ne a cikin Camry da Sienna da Avalon da Highlander masu yawa, saboda haka makanikan Madawa da Ƙonni sun san cikinsa, kayansa kuma ana samu a Sakkwato da Maraɗi da kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Haibirid tana da wannan injin ɗin ko ɗan'uwansa, amma ta ƙara da abubuwan da guduma da sifana ba sa gyarawa. Akwai inbata mai sarrafa wutar, mai nata ruwan sanyi da nata famfo dabam, wadda a 2011 da 2013 kamfanin ya kira RX 400h da Highlander haibirid na farko domin gyara ta. Akwai wayoyi masu ruwan lemo da wutarsu take iya kashe mutum. Har na'urar sanyin motar ma da lantarki kwamfuresonta yake aiki, yana buƙatar mai na musamman wanda wuta ba ta ratsawa. Mai ɗura gas da bai sani ba, idan ya zuba man da ya saba, yana iya jawo matsalar da za ta hana motar tashi. Ba gazawar makanikanmu ba ce, aikin ne yake son kwamfutar bincike da horo, kuma babu wanda zai sayi kayan aiki domin mota biyu ko uku da ke garin.

Masu goyon bayan haibirid suna da hujjoji, kuma wasu suna da nauyi. Na farko, Toyota ta daɗe a wannan fanni, tun Prius ta 1997 da RX 400h ta 2005, motocin kuma sun yi suna wajen ƙarko, takalman birkinsu suna daɗewa, giyarsu ba ta cika lalacewa ba. Haka ne, sai dai ƙarkon nan an gina shi ne a inda ake wanke fankar batir, ake sauya ruwan inbata a kan lokaci. Na biyu, mai yana wahala. Tun da Najeriya ta cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, man 'yan ruwa-ruwa da ake shigowa da shi ta iyaka ya daina araha, jama'a suka koma kan na matatar SORAZ ta Damagaram, wadda aka buɗe a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, har aka ga dogayen layuka a gidajen mai a watan Maris na 2025. A irin wannan hali kowace lita tana da daraja. Amma haibirid ma ba ta tafiya babu fetur, kuma lita ɗaya da rabi a kilomita 100 ba ta fitar da mutum daga layi. Na uku, ana cewa ai ana gyara batir ta hanyar sauya ƙwayoyin da suka mutu da na wata motar. Ana yi, yana kuma tayar da mota, amma ƙwayoyin da shekarunsu da ƙarfinsu suka bambanta ba sa jituwa, bayan 'yan watanni wata ƙwayar ta biyo baya. Araha ba ta ado.

Akwai kuma tambayar da ta riga wannan, wato wace hanya motar za ta bi. RX da Highlander, ko mai fetur ko haibirid, motocin kwalta ne da aka ɗaga kaɗan. A haibirid ɗin ma babu sandar da take kai ƙarfin inji ƙafafun baya, wani ƙaramin injin lantarki ne yake juya su idan na gaba suka zame, kuma ba a yi shi don dogon kokawa da rairayi ba. Wanda zai riƙa hawa duwatsun Adar, ya ƙetare ƙoramun kwarin Majiya da damina, ya kuma san cewa batirin yana ƙasan kujera inda ruwa yake fara shiga, abin da yake buƙata Prado ce ko Lexus GX, masu shasi na ƙarfe da ƙaramar giyar ja. Suna shan mai, GX 460 kusan lita 14 a kilomita 100, ya saya da sanin haka.

Haibirid tana dacewa da wanda gidansa na Tama ne amma zamansa a Yamai, yawancin tafiyarsa cikin gari, motar ba ta wuce shekara bakwai ko takwas ba, yana da rumfar ajiye ta da makanikin da ya san ta. Shi ma kada ya biya sai an haɗa kwamfuta an duba ƙarfin ƙwayoyin batirin ɗaya bayan ɗaya motar tana tafiya, an tabbatar ba goge lambobin matsala aka yi jiya ba. Lambar P0A80 idan ta fito, ma'anarta batirin yana son sauyi. Ya yi tafiyar gwaji ta rabin sa'a da na'urar sanyi a kunne, ya lura ko alamar cajin tana cika ta zube cikin 'yan mintuna, ko fankar bayan kujera tana kuka ba ƙaƙƙautawa.

Mai sayen ta fetur ma yana da nasa aikin. Da yawa daga motocin Amurka da ake kawowa, daga gwanjon waɗanda suka yi hatsari ko ambaliya ta cinye ake sayo su, saboda haka a ɗauki lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a bincika tarihinta a intanet, a ɗaga kafet a duba laka da tsatsa, a kwatanta kilomitar da agogo ya nuna da wadda aka rubuta ranar gwanjo. Tun rufe iyakar Binin a 2023 hanyar Kwatano da Gaya ta rikice, kaya da yawa ta Lome da Burkina suke biyowa, farashi da jiran kayan gyara duk sun ƙaru. Don haka a duba takardun duwan da kyau, a kuma ware wani kaso na kuɗin don taya da ruwan sanyi da man giya da matatar iska kafin motar ta kama hanyar Madawa.