Darasi A Kan Hawan Dutsen Bagazam

Mutumin Kasuwar Daji, ko na Shinkafi, ko na Zurmi, ya saba da tafiyar ƙasa. Ya kan yi sammako ya ci kasuwa mai nisa, ya komo gida da ƙafa bai ce ya gaji ba. Amma ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce, bisanta bai kai mita 500 daga teku ba. Saboda haka dabarar da ta ishe shi a nan ba ita za ta kai shi kan babban dutse ba. Za mu ɗauki Bagazam ya zama misali.

Bagazam yana cikin duwatsun Asbin, arewa maso gabas da Agadas, a Jamhuriyar Nijar. Sunan ba baƙo ba ne gare mu, gama kowa ya ji labarin dokin Bagazam, kuma Gobirawa suna cewa a Asbin kakanninsu suka zauna kafin su gangaro kudu. Ƙololuwarsa, wadda Buzaye ke kira Idukal-n-Tages, mita 2,022 ce, watau ƙafa 6,600 da 'yan kai. Duk Nijar ba inda ya fi ta bisa. A kan dutsen akwai fili mai faɗi, da ƙauyuka, da lambunan albasa da tafarnuwa da alkama. Gefensa kuwa a miƙe ya ke kamar ganuwa, sai ta 'yan mashigai a ke hawa, watau tsagin da ruwa ya yanka tsakanin duwatsu. Ta nan mutanen wurin suka daɗe suna saukowa da amfanin lambunsu bisa jakuna.

Wanda ya yi niyyar hawa, lalle ne ya nemi iznin hukumar wurin, ya tambayi lafiyar hanya, sa'an nan ya ɗauki jagora ɗan ƙasa. Kada ya tafi da damina. Ruwa ya kan zuba can nesa inda ba ka gani, ƙorama ta taso farat ɗaya ta cika mashigin, ba wurin rakuɓewa. Lokacin da ya fi kyau shi ne daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

To, a nan ne baƙo ya kan yi kuskure. Ya ga rana tana duka a gindin dutse, sai ya bar bargonsa don rage kaya. Alhali kuwa kowace mita 1,000 da ka hau, zafi ya kan ragu da wajen digiri 6, ga iska ba abin da ke tare ta. Cikin hunturu, sanyin dare a can ya kan kusa daskarar da ruwa. Mutum ya iso sharkaf da gumi, rana ta faɗi, rigar ta huce a jikinsa, sai makyarkyata. Don haka a riƙe bargo, da rigar sakewa, da hula mai rufe kunne. Ruwan sha kuma kada ya gaza lita 4 a yini, a riƙa kurɓa tun ƙishirwa ba ta zo ba. Dabino da ƙuli-ƙuli sun isa guzurin hanya.

A tashi da asuba, a yi taku gajere. Ga ma'auni mai sauƙi: in ba ka iya yi wa abokin tafiyarka magana saboda haki, ka yi sauri da yawa. Ciwon nan na ƙarancin iska da ke kama mahaya manyan duwatsu, galibi sai an wuce mita 2,500 ya ke farawa. Wanda ya ji jiri a Bagazam, yawanci garaje ne ko ƙishirwa.

In ka fita bakin mashigin, sai ka ga sarari ya buɗe. A bayanka kwaruruka sun miƙe, itatuwa sun bi su kamar zare. A gabanka ga koren lambu bisa dutse, a tsakiyar ƙasar hamada.

Amma fa saura saukowa, ita ce ta fi kā da mutane, domin gwiwa ta gaji, tsakuwa kuma tana zamewa. A riƙe sanda, a ba da rata tsakanin juna don dutsen da na sama ya ture kada ya sami na ƙasa. In an gamu da jakuna a ƙunci, a raɓe ta wajen bango, a bar musu gefen rami. Wanda bai taɓa hawa ba ya fara gwada ƙafarsa a Dutsen Kwatarkwashi, kusa da Gusau, da takalmin da zai tafi da shi.