Sana'ar Kiwon Zuma: Daga Amya Zuwa Akwati

1.0 Gabatarwa

Kiwon zuma na daga cikin sana'o'in rani da manomin ƙasar Hausa ya daɗe yana yi domin taimakon kansa bayan an kawar da amfanin gona. Bahaushe ya san darajar zuma a matsayin abinci da magani, musamman ganin cewa Alƙur'ani mai girma ya ambaci ƙudan zuma da warakar da ke cikin zumarsa a Suratun Nahli, sura ta 16, aya ta 68 da ta 69. A wannan darasi za a dubi yadda ake gudanar da sana'ar a gargajiyance, da sauyin da zamani ya kawo mata, da kuma abin da ya fi dacewa da ƙaramin manomi.

2.0 Rayuwar Ƙudan Zuma

Kowane gidan zuma yana ɗauke da rukuni uku. Akwai uwar zuma, wadda ita kaɗai ke yin ƙwai, kuma a lokacin yalwar fure tana iya zuba ƙwai fiye da 1,000 a rana. Akwai ma'aikata, waɗanda mata ne, su ke ɗebo ruwan fure, su gina saƙa, su reni 'ya'ya, su kuma tsare gida da harbi. Sai maza, waɗanda ba su da ƙari, ba su kuma da wani aiki sai barbarar sabuwar uwa. Daga ƙwai zuwa ƙyanƙyasa, uwa kan ɗauki kimanin kwana 16, ma'aikaciya kimanin mako 3, namiji kuwa kwana 24. Abin lura a nan shi ne, idan uwa da 'ya'yan da ke cikin saƙa suka halaka, gidan ya mutu ke nan.

3.0 Kiwon Gargajiya

A gargajiyance, ana saƙa amya ne da ciyawa, a yaɓe ta da kashin shanu, a bar ta ta bushe, sannan a turara ta da itatuwa masu ƙanshi. Wasu kan yi amfani da tukunya ko kututture mai rami. Daga nan sai a ɗaga ta a kan itace kamar ɗorawa ko kaɗanya ko tsamiya, a jira ƙuda ya shiga. Idan lokacin ɗiba ya yi, mai amya kan hau itacen da dare, riƙe da ciyawa mai wuta, ya kori ƙuda, ya yanko duk saƙar da ya tarar.

Wannan hanya tana da sauƙin kuɗi, domin kayanta duk a daji suke. Sai dai tana da illoli. Wuta kan ƙone ƙuda da yawa, har da uwa, wanda ya tsira kuma ya yi ƙaura. Ana matse zuma tare da 'ya'ya da toka, don haka ba ta daɗewa ba ta yi tsami ba, kuma farashinta kan faɗi. Ban da wannan, akwai haɗarin faɗowa daga itace da kuma tashin gobarar daji. Tushen waɗannan illoli guda ne: saƙa a manne take da jikin amya, babu halin a ciro ta a duba a mayar.

4.0 Kiwon Zamani

A shekarar 1851 wani Ba'amurke mai suna Lorenzo Langstroth ya gina akwati bisa lura da cewa ƙudan zuma yakan bar wa kansa hanya mai faɗin milimita 6 zuwa 9 tsakanin saƙa da saƙa. Idan tazara ta gaza haka sai ya liƙe ta da danƙo, idan ta wuce ya cike ta da saƙa. Da ya kiyaye wannan awo, sai ya zamana ana iya zaro kowace saƙa ba tare da an fasa ta ba. Wannan shi ne ginshiƙin kiwon zuma na zamani.

Akwatin Langstroth yana ba da zuma mai yawa, amma yana bukatar katako mai daidaitaccen awo da injin tatsa, waɗanda suka fi ƙarfin yawancin ƙananan manoma. Saboda haka aka ɓullo da akwati mai sanduna, wanda aka fi sani da samfurin Kenya, ya kuma yaɗu a Afirka tun daga shekarun 1970. Siffarsa kamar kwami ce, tsawonsa kimanin mita 1, samansa ya fi ƙasansa faɗi. Ana jera sanduna a samansa, kowace mai faɗin milimita 32, ƙuda kuma ya rataya saƙa guda a jikin kowace sanda. Kafintan ƙauye na iya yin sa muddin ya kiyaye faɗin sandar, domin idan aka kuskure shi saƙa za ta haɗe sanduna, akwatin ya koma tamkar amya.

4.1 Girka Akwati da Kula da Shi

a) A zaɓi wuri mai inuwa, nesa da gidaje da burtali, kusa da itatuwa masu fure irin su mangwaro da darbejiya da gawo da bagaruwa.
b) A goga kaki a jikin sanduna domin ƙanshinsa ya jawo ƙuda.
c) A ɗora akwati a kan ƙafafu, a sa ƙafafun cikin gwangwani mai baƙin mai saboda tururuwa da kwarkwasa. Inda ake da dage, gara a rataye shi da waya.
d) A tanadi ruwa a kasko lokacin rani, a jefa karare a ciki don kada ƙuda ya nutse. Rashin ruwa na daga cikin abubuwan da ke sa shi ƙaura.
e) A guji fesa maganin ƙwari da rana a kan amfanin da ke fure.

4.2 Ɗiban Zuma

Ƙudan zuman Afirka ta Yamma mafaɗaci ne, shi ya sa ake cewa zuma ga zaƙi ga harbi. Don haka mai ɗiba kan sa riga mai rufe jiki da ragar fuska da safar hannu, ya yi aiki da yamma lis. Maimakon wuta, hayaƙi mai sanyi ake busawa daga gwangwanin hayaƙi mai zugazugi. Saƙar da ƙuda ya liƙe bakinta da kaki ita ake yanka, domin ita ce ta nuna, ruwan da ke cikinta bai wuce kashi 20 cikin 100 ba. Saƙa mai 'ya'ya kuwa mayar da ita ake yi, tare da wani kaso na zuma da zai riƙe gidan har fure ya dawo. Ana tace zuma da ƙyalle mai tsabta ba tare da an dafa ta ba. Kakin da ya rage a narka shi a sayar, domin dukawa na goga shi a zare, ana kuma yin kyandir da man shafawa da shi. Ya kamata a sani cewa likitoci sun hana a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa ba ya iya jurewa.

5.0 Kammalawa

An ga cewa bambancin amya da akwati ya ta'allaƙa ne a kan iya ciro saƙa a duba. Mai amya kan ci gidan zuma sau ɗaya ya jira wani ƙudan, mai akwati kuwa yana ɗiba shekara da shekaru daga gida guda, gonarsa kuma tana ƙaruwa da barbarar fure. Duk da haka, sanin itatuwa da lokutan fure da turaren jawo ƙuda yana hannun tsofaffin masu amya. Wajibi ne malamin Hausa ya kai ɗalibansa wurinsu, su tattara kalmomin sana'ar da hikimominta a rubuce, domin akwati ba ya amfanar wanda bai san dajinsa ba.

6.0 Auna Fahimta

1. Kawo illoli 3 na ɗiban zuma da wuta.
2. Mene ne muhimmancin faɗin sanda a akwati mai sanduna?
3. Ziyarci wani mai amya a yankinku, ka rubuto kalmomi 10 na sana'arsa tare da ma'anoninsu.